Layukan da Gwaggo Ta Fara Daga Tsakiya

Tsoron ya kama ni ne ina tsaye a bakin teburin Gwaggo, da takardar neman aiki a hannuna. Ita ta buga mini ita a kwamfuta daga wadda na rubuta da biro. Na fara karantawa ina murmushi, don na saba abin da ya fito daga hannunta ba ya buƙatar dubawa. Sai na ji maganar ba ta haɗuwa. Na ɗauko tawa ta hannu na jera su biyu a kan tebur. Kowane layi da na rubuta, kalma biyu ko uku na farkonsa babu su a cikin wadda ta buga, tun daga sama har ƙasa, kamar an sa almakashi an yanke gefen hagu na takardata kafin a miƙa mata.

"Gwaggo, kin duba wannan kuwa?"

"Ni kake tambaya ko na duba? Farfesa, tun kana cikin tsumma nake buga takarda."

Ta karɓa, ta ɗora tawa a inda take ɗora aikin mutane, ta aza rula a ƙarƙashin layin farko ta karanta a fili. Daga tsakiya ta fara. Ta sauko da rular ta karanta na biyu, shi ma daga tsakiya. Ta ɗago ta dube ni.

"To ga shi, daidai da abin da ka rubuta. In digirin naka bai koya maka haɗa magana ba, laifin wa?"

Ba wasa take yi ba. Kalmomin suna gabanta, yatsana yana kansu, amma ba ta ganin su, kuma ba ta san akwai abin da ba ta gani ba. Na yi dariyar yaƙe na ce wataƙila hasken shagon ne.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana da shekara goma sha tara ta koyi tafireta, a lokacin da malamin yakan rufe hannun ɗalibi da ƙyalle don kada ya leƙi haruffa. Ta yi shekara goma sha huɗu a wani ofis tana buga wasiƙu, har aka rufe ofishin. Mijinta direba ne, ya rasu tun ban yi wayo ba, 'yarta guda kuma aure ya kai ta nesa. Da ofis ya watse sai ta samu lungu a jerin shagunan da ke fuskantar ƙofar kotu, tsakanin mai ɗaukar hoton fasfo da mai fotokwafi. Tebur ɗaya, kujera biyu, fanka mai ƙara, da benci a waje don masu jira. Nan ta shekara ashirin. Da kwamfuta ta zo ta koye ta a mako uku, tana ta mita wai maɓallanta ba su da ƙashi.

A layin kaf ba mai kiran ta da sunanta. Babu Gyara ake ce mata, har lauyoyi. A zamanin tafireta, kwalbar farin ruwan da ake shafe kuskure da shi ta bushe a aljihun teburinta ba a buɗe ta ba. Ba ta kallon hannunta, ba ta kallon allon kwamfuta. Takardar mutum tana jingine a gefen hagunta, rula tana sauka layi bayan layi, idonta a can kawai yake, yatsu suna aikinsu.

Kuma ba ta magana a kan abin da ta buga. Takardar rantsuwa ce, rabon gado ne, ƙarar ɗan'uwa ce, wasiƙar mai neman a yafe masa ce, duk sun bi ta gabanta. Mai fotokwafi, wanda shi baki ne da shi kamar rediyo, yakan leƙo ya ce, "Babu Gyara, wancan mai jar hular me ya kawo shi? Na ga yana share ido."

"Takarda ya kawo."

"Ta mece ce?"

"Fara ce, mai layi-layi."

Takan ce mini abin da ya shiga ta ido ya fita ta yatsu ba shi da hanya ta baki. Ina yaro wannan ya fi komai burge ni a halinta. Ban taɓa tunanin da kanta ma haka take yi ba.

Ita ta buga kundin bincikena na ƙarshe a jami'a, shafi casa'in da wani abu. Mun yi faɗa a kan kowane babi. Takan tsaya ta ce, "Wannan jimlar taka ta fi igiyar shanya tsawo. Ina za ka da ita?" Ta datse ta gida uku, kuma sai ta fi daɗi. Tun daga lokacin ta sa mini Farfesa.

A gidanmu akwai wani rabon aiki da ba wanda ya taɓa zama ya tsara shi. In ciwo na mata ne, mata ke kai mai shi asibiti, su ke riƙe katin, su ke sanin sunan abin. Maza sai dai a ce musu an samu sauƙi. In kuwa ciwon ido ne, ko kai, ko karaya, ko duk inda za a cike fom, to namiji ake turawa, kuma tunda na gama karatu ba ni da aiki, ni ne namijin. Mama takan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Baba kuma ya gyaɗa kai, don shi ma hakan ya fi masa sauƙi.

Shekara biyu da rabi kafin wannan takardar, ina aji uku, Mama ta kira ni ta ce an yi wa Gwaggo aiki. Na ce na me? Ta ce, "Na mata." Daga nan na ja bakina. Da na zo hutu na tarar ta rame, ɗankwalinta ya sauko har gira, tana zuwa asibiti duk bayan mako uku tare da Mama, ta dawo ta kwanta kwana biyu. Na ga duk wannan da idona. Na yi karatun da ya isa in haɗa biyu da biyu, amma ban haɗa ba, don haɗawar tana nufin in yi tunanin cikin jikin yayar mahaifina, ni kuwa kunya ba ta bar ni ba. Ta warware, ta koma shago, ta yi ƙiba, maganar ta mutu.

Saboda haka da na gaya wa Baba batun takardar, ya ce ido ne, shekaru ne, in kai ta a gwada mata tabarau.

Ɗakin jiran asibitin idon cike yake, benci a manne da benci. Aka ba ni fom. Na cike suna da shekaru da adireshi, na zo kan tambayar da ke cewa ko an taɓa yi wa mai haƙuri tiyata ko ya taɓa yin wata babbar jinya. Na tsayar da biro. A hagunmu wani dattijo ne, a damanmu samari biyu. Na sunkuya na ce a hankali, "Gwaggo, suna tambayar ko an taɓa yi miki aiki."

Ba ta juyo ba. "Ido na kawo. Rubuta babu."

Na san akwai. Na rubuta babu.

Ma'aikacin ya sa ta karanta haruffan bango, ta karanta na dama tsaf, ta tsallake na hagu, ya ce ta ƙara dubawa, ta juya kanta gaba ɗaya ta gano su, suka yi dariya tare. Layi yana da tsawo a bayanmu. Ya rubuta tabarau. Da ta yi maganar ciwon kai da safe aka auna jininta aka ce ya ɗan hau, aka ba ta ƙwaya.

Tabarau bai gyara komai ba. Masu aiki suka fara dawo mata da shi saboda kurakurai. Wani lauya ya aiko da takarda an zagaye wurare tara da jan biro. Gwaggo ta zauna da ita a hannu har azahar. Washegari ta kira ni.

"Farfesa, tunda har yanzu masu ɗaukar aiki ba su gane darajarka ba, zo ka zauna nan. Kai karanta, ni in buga."

Haka muka koma yi. Ina karantawa a fili da murya ƙasa-ƙasa, ita tana bugawa, idonta a lumshe. Ko harafi ɗaya ba ta kuskurewa. In na yi sauri ta ce, "Jirgi za ka hau?" In na yi jinkiri ta ce, "Ko sai an tura ka?" Ta kafa mini sharaɗi cewa abin da na karanta a shagon nan ya mutu a shagon. Aiki ya daina dawowa, kowa hankalinsa ya kwanta. Ni kaina daɗi na ji, don na samu wurin zuwa da safe. Yanzu in na tuna sai in ga da hannuna na taya ciwon ɓuya.

Don alamu ba su daina ba. Mai fotokwafi ya matsar da injinsa taku biyu saboda kullum sai ta buge shi da kafaɗar hagu in za ta fita. Ya yi ta tsokanar ta wai injin ya ci mata bashi ne. In ta ci abinci sai ta cinye na dama ta bar na hagun kwano, ta ce an rage mata. In juya kwanon, ta ce, "Au, ashe da saura." Da safe takan iso fuskarta a kumbure, ta shiga bayan shago ta yi amai, ta wanke baki ta dawo ta ce ƙwayar hawan jinin ce ba ta karɓe ta ba. Wata huɗu muna haka.

Ranar wata Laraba da hantsi ina karanta mata takardar wata mata da ta ɓatar da shaidar haihuwa, sai na ji bugun ya canza. Na duba allo, harafi ɗaya ne yake ta maimaituwa. Hannunta na hagu yana karkarwa shi kaɗai, sai fuska, sai jikin gaba ɗaya. Ta sulale daga kujera. Ni tsayawa na yi da takardar a hannu. Mai fotokwafi ne ya tsallako ya janye tebur, ya kwantar da ita a gefe, ya daka mini tsawa in tare mota.

A sashen gaggawa Mama ta same mu, mayafinta a karkace. Wannan ne karo na farko da ni da ita muka tsaya tare a gaban likita ɗaya a kan Gwaggo. Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ta tambayi abin da ya faru, na faɗa. Ta tambayi tun yaushe, na faɗa. Sannan ta ce, "Ta taɓa yin wata babbar jinya a baya?"

Na ce, "Babu."

A lokaci guda Mama ta ce, "An cire mata mahaifa."

Likitar ta dube ni, ta dubi Mama. "Saboda me aka cire?"

Mama ta kalle ni. Na ga tana so in fita. Ban fita ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Daji ne. Amma sun ce sun kwashe. An yi mata ƙarin ruwan magani sau shida. Shekara guda muna komawa, suka ce jini ya yi kyau, sai Yaya ta ce zuwan ya isa haka."

"Takardun suna ina?"

"Suna cikin akwatina."

A ƙarƙashin zannuwan Mama suke, cikin leda, a ɗakin da nake shiga kullum in gaishe ta. Ni aka aika in ɗauko. A mota na buɗe na karanta. Duk kalmar da ke ciki na san ta.

Aka yi mata hoton kai a ranar. Likitar ta kira mu ɗaki, ta juyo mana da allon. Ko wanda bai yi karatu ba zai ga abin: wani dunƙule a bayan ƙwaƙwalwa ta ɓangaren dama, da duhu kewaye da shi wanda ta ce kumburi ne. Ta yi mana bayani a hankali. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke kula da abin da ke hagun mutum, shi ya sa hagu ya ɓace mata alhali idanunta lafiyarsu lau. Ta ce dajin mahaifa ba kasafai yake zuwa kai ba, amma yakan zo, ta cikin jini, wani lokaci bayan shekaru, kuma da tarihin da ke cikin takardun nan shi suka fi zargi. Ta ce wannan hoton ba ya nuna ƙanana. Sai an yi wani mai zurfi, an kuma duba ƙirji da ciki. In guda ɗaya ne, ko kaɗan, kuma sauran jiki shiru, ana iya cire shi ko a gasa wurin da hasken na'ura, mutum ya samu lokaci mai kyau. In sun yi yawa, magana ta canza, sai dai a nemi sauƙaƙa mata.

Da Mama ta fita na tsaya. Na gaya wa likitar batun fom ɗin asibitin ido. Na ce, "Da na rubuta gaskiya wata huɗu da suka wuce fa?"

Ta ce, "Da wataƙila an turo ta hoto tun lokacin. Ko hakan zai canza yawan abin da za mu gani, ba zan iya ce maka e ko a'a ba. Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi ba."

Baba na tarar a benci a waje, hularsa a gwiwa. Mama ta riga ta gaya masa. Yana ta cewa, "Uwa ɗaya uba ɗaya, a ce ban sani ba?"

Mama ta ce, "Ka taɓa tambaya? Cewa na yi na mata ne, ka ce Allah ya sawwaƙe, ka ɗauki rediyonka."

"To ai ke kika ce..."

"Na ce. Ita ma ta ce kada a faɗa. Kowa ya ce." Ta zauna kusa da shi.

Maganin rage kumburi ya yi aiki fiye da yadda na zata. Kwana uku ciwon kan ya lafa, aman ya tsaya, bakinta ya dawo. Nas ta koya mana mu riƙa zama a damanta, mu ajiye mata ruwa a dama. Gadonta na kusa da taga, a ɗaki mai gado shida. Kafin mako ya cika ta san matsalar kowace mai jinya a ɗakin, kuma ba wadda ta ji ta wata daga bakinta. 'Yarta tana hanya. Mai fotokwafi ya zo da lemo, ya tsaya daga ƙofa yana cewa injinsa yana gaishe ta, ya yi kewar duka.

"Ka ce masa ya ci gaba da zama a inda ka matsar da shi, ina nan dawowa," in ji ta.

Jiya bayan ya tafi na ja kujera na zauna a damanta. Na daɗe ina juya maganar a raina. Tun ranar Larabar nan, duk lokacin da na ɗauki waya sai na tsinci kaina ina karanta alƙaluman masu irin ciwon nan, waɗanda ba sa ƙara mini komai sai tsoro.

"Gwaggo, ranar asibitin ido. Na san an yi miki aiki. Na rubuta babu."

"Wa ya ce ka rubuta?"

"Ke. Amma ni ke riƙe da biron."

Ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta gan ni sosai. "Shekara talatin da huɗu ina buga abin da aka miƙo mini. Wani na san ƙarya ce tun daga layin farko, in buga, in miƙa masa. Kai kwana nawa ka yi a aikin?" Ta gyara filo. "A gaban wancan tsohon da samarin nan kake so in ce an cire mini mahaifa? Ga ka kai ma, ɗan ƙanena. Da ƙasa ta tsage da na shige."

"Da na fitar da ke waje na tambaye ki."

"Da ka yi. Da ni ma na ci gaba da zuwa asibiti da aka ce in riƙa zuwa. Da uwarka ta buɗe akwati. Da ubanka ya ajiye rediyo. In za a raba laifin nan, Farfesa, ɗan guntu za ka samu, kada ka yi haɗama."

Na yi dariya, hawaye suka biyo. Ta bar ni har na gama. Sannan ta ce daga yau duk ɗakin likitan da za a shiga, ni da Mama tare za mu shiga, kuma duk abin da aka tambaya a faɗa, ko na ina ne a jikinta. Ta ce ita ma tana so a riƙa gaya mata komai, kada a yi mata irin nata.

An yi hoton mai zurfi yau da safe. Kusan minti arba'in tana cikin na'urar. Ta fito tana cewa ƙarar kamar an tara 'yan koyon tafireta goma a ɗaki ɗaya. An ɗauki na ƙirji da na ciki da rana. Na yi ta kallon fuskar ma'aikacin da ya ɗauka, ban karanci komai ba.

Yau Talata. Likitar ta ce likitocin ƙwaƙwalwa da na daji za su zauna a kan hotunan ranar Alhamis, sannan su kira mu. Har yanzu ba mu san ko guda ɗaya ne ko sun fi haka ba, kuma ba mu san ko za a iya yi mata aiki ba.